Kafin Ka Ɗauki Sukundireba: Jagorar Gyaran Maɓallin Fn da Sauran Matsalolin Kibod

Cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa teburin mai gyaran kwamfuta, na kibod ne ya fi saurin rikita yaro mai koyon aiki. Wata za ta ce in ta danna F5 don sabunta shafi, sai hasken allo ya ragu. Wani zai ce yana rubuta sunansa lambobi na fito masa. Mai shagon buga takardu zai ce alamar @ ta ɓace. Abin da nake ta gani kuwa, yaro bai ko taɓa maɓallin da ake kuka da shi ba ya riga ya yanke hukunci: ko a yi fomatin, ko a sayo sabon kibod. Sai a goge wa bawan Allah takardunsa na shekaru, a ɗora sabon Windows, F5 na nan yana rage haske yadda ya saba. Har a ƙara masa wata matsalar, domin direbobin kamfani sun tafi tare da fomatin ɗin.

Dalilin rubuta wannan jagora ke nan. Yawancin abin da ake kira lalacewar kibod saiti ne ya sauya, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Wanda ya lalace da gaske yana da alamominsa, za mu zo kansu. Abin da nake so ka riƙe shi ne tsarin bin aikin: daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa wanda yake ci, daga wanda ba ya buƙatar kwance kwamfuta zuwa wanda yake buƙata.

Kayan da za ka tanada

- Kibod na USB mai waya wanda ka tabbatar da lafiyarsa. Duk cikin kayan nan babu kamarsa. Mai waya nake nufi, domin na Bluetooth galibi ba ya aiki sai Windows ya tashi.
- Linzami na USB, da cajar kwamfutar.
- Buroshi mai laushi da bulowar hannu ta roba.
- Sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama, da auduga mai tsinke.
- Ƙananan sukundirebobi, da tsohon katin banki na ɓamɓare murfi ba tare da ka karce shi ba.
- Waya mai kyamara da data, don ɗaukar hoton saiti kafin ka sauya shi da neman direba.

1. Ka sa mai kaya ya nuna maka da hannunsa

Kada ka karɓi kwamfuta a kan "kibod ba ya yi". Buɗe Notepad, ka ce ya danna abin da yake dannawa kana kallo. Sannan ka tambaye shi: yaushe abin ya fara? An yi fomatin kwanan nan? Yara suna wasa da ita? Wani abu ya zube mata? Tambayar ƙarshe a hankali ake yin ta, domin mutane kan ji nauyin cewa shayi ya zube. Ka nuna masa amsar za ta rage masa kuɗi ne, tunda kwamfutar da ruwa ya shiga ba a barin ta a kunne ana gwaje-gwaje. In ya ce e, ka kashe ta nan take ka tsallaka zuwa mataki na 9.

2. Gwaji uku da ke raba gardama

Na farko, jona kibod ɗinka na USB. In shi ma yana yin abin da na jikin yake yi, to matsalar tana cikin Windows, babu dalilin kwance komai. In na USB lafiya ƙalau, kada ka yi saurin cewa na jikin ya mutu. Makullin Fn da lambobin da ke ɓoye cikin haruffa, waɗanda za mu zo kansu a gaba, na jikin laftof kaɗai suke shafa.

Na biyu, buɗe kibod na kan allo ta hanyar danna Windows da Ctrl da O tare, ko ka rubuta osk a wurin bincike. Yana nuna maka tsarin haruffan da Windows yake amfani da shi a yanzu, kuma in Shift ko Ctrl ko Alt ya maƙale za ka gan shi da wani launi alhali ba ka taɓa shi ba.

Na uku, shiga BIOS (ƙofar shigarsa na mataki na 4) ka gwada kibiyoyi da Enter da Esc. A can babu Windows, babu direba, babu bairos ɗin da za a ɗora wa laifi. Maɓallin da ya yi aiki a BIOS ya ƙi a Windows lafiyarsa ƙalau. Amma ga gargaɗi: kada ka shiga wurin sa kalmar sirri ta BIOS don ka gwada haruffa. Da kibod mai cin wasu haruffa yana ninka wasu, za ka kulle kwamfutar da kalmar da kai kanka ba ka san ta ba, kuma cire ta a laftof na zamani babban aiki ne. A HP akwai hanya mai tsabta: danna Esc lokacin kunnawa, sannan F2, a cikin Component Tests akwai gwajin kibod da zai bi da kai maɓalli bayan maɓalli.

3. Maɓallin Fn da makullinsa

Layin sama na laftof yana ɗauke da aiki biyu a kowane maɓalli. Akwai aikinsa na asali, F1 zuwa F12, akwai kuma na hoton da aka zana masa: ƙara sauti, rage haske, kashe waya-fai. Fn ne ke zaɓar wanda za a yi. A da, F1 zuwa F12 ne a sama, sai ka haɗa da Fn kafin ka samu sauti ko haske. Daga baya kamfanoni da dama suka juya abin, domin mai kallon fim ya fi yawa a kan mai aikin lissafi. Saboda haka mutum zai sayi sabuwar kwamfuta ya ga F2 na rage masa haske ko sauti, ya ɗauka an sayar masa da marar lafiya.

Wani abu da ya kamata ka sani: a yawancin laftof, Windows bai san da Fn ba kwata-kwata. Wani ɗan ƙaramin cif ne a kan bod, wanda ake kira EC, ke lura da shi, shi ne ke haɗa Fn da abokin dannawarsa ya aika sakamakon. Shi ya sa in ka shiga shafukan gwajin kibod na intanet ka danna Fn shi kaɗai, babu abin da zai haska. Masu koyo da yawa a nan suke yanke masa hukuncin mutuwa. Hanyar gwada shi ɗaya ce, a haɗa shi da wani maɓallin a ga ko aikin ya sauya.

Kafin ka juya komai, tambayi mai kwamfutar abin da yake yi da ita. Mai aiki da Excel yana rayuwa ne a kan F2 na gyara abin da ke cikin gida da F4 na sa alamar $ a lissafi. Mai zane a CorelDRAW yana son F8 na rubutu, F6 na murabba'i, F7 na da'ira, F4 na ganin dukkan aikin, F12 na layin gefe. Mai Word yana son F7 da F12. Irin waɗannan in ka bar su suna lalubar Fn da ɗan yatsa sau ɗaruruwa a yini ka cuce su. Wanda kuwa karatu da sauraron wa'azi ne aikinsa, ka bar masa sauti da haske a sama.

Juyawar kanta ba wuya. Duba maɓallin Esc da kyau. In ka ga hoton ɗan kwaɗo da Fn a cikinsa, ko an rubuta FnLock, danna Fn da Esc tare sau ɗaya. Haka yake a Dell da yawa, da ThinkPad, da sababbin ASUS. A ThinkPad wata 'yar fitila kan kama a kan Esc ko a kan Fn. A wasu HP na ofis, Fn da Shift na hagu ake haɗawa. Da yake Fn da Esc duk a gefen hagu suke, sau da yawa hannu ne ya danna su bisa kuskure, ko wajen goge ƙura, har abin ya juya. Ka nuna wa mai kayan yadda ake yi, don kada ya sake biyan kuɗin mota a kan wannan.

Kibod na tebur ma yana da nasa. Wasu na Microsoft da na Logitech na da suna da maɓalli mai suna F Lock, in a kashe yake F ɗin ba sa yin aikinsu na asali. A MacBook kuwa cikin System Settings ake shiga, a zaɓi Keyboard, sannan Keyboard Shortcuts, sannan Function Keys, a kunna zaɓin amfani da F1, F2 a matsayinsu na asali.

4. In makullin bai yi ba, sai BIOS

Wasu kwamfutocin ba su da makulli a kan kibod, a BIOS kaɗai ake juyawa. Ƙofar shiga: HP, Esc sannan F10. Dell da Acer da ASUS, F2. ThinkPad, F1. Lenovo IdeaPad, F2, ko wani ɗan maɓalli a gefe mai suna Novo da ake dannawa kwamfutar na kashe. In tana tashi da sauri har ba ka samun shiga, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings.

Kowane kamfani da sunan da ya ba saitin. A HP na gida Action Keys Mode ne, ƙarƙashin System Configuration. In ka mai da shi Disabled, F1 zuwa F12 sun dawo sama. A EliteBook da ProBook ka nemi Launch Hotkeys without Fn Keypress ƙarƙashin Advanced. A Dell, Function Key Behavior, ko Fn Lock Options ƙarƙashin POST Behavior a Latitude. A IdeaPad, HotKey Mode. A Acer, Function Key Behavior. A ThinkPad ka shiga Config, sannan Keyboard/Mouse. A nan kuma za ka ga Fn and Ctrl Key swap. An yi shekaru da dama ThinkPad na sa Fn a kusurwar hagu inda sauran kamfanoni ke sa Ctrl, don haka wanda ya saba da HP zai yi ta danna Fn da C yana mamakin me ya sa kwafi ba ya yi. Wannan saitin ne maganinsa. In kuma ka karɓi ThinkPad ta hannu ka ga Ctrl ya ƙi aiki, duba ko mai ita na farko ne ya musanya su.

Ɗauki hoton shafin kafin ka taɓa, ka sauya layi ɗayan da ya kawo ka, ka adana ka fita. Kada ka taɓa Secure Boot, kada ka taɓa SATA, kada ka danna Load Defaults don kawai ka gan shi. Sauya SATA daga RAID zuwa AHCI ko akasin haka na iya hana Windows tashi, ya tsaya a shuɗin allo. Taɓa Secure Boot kuwa na iya sa BitLocker ya nemi lambarsa mai alƙaluma 48, wadda yawancin masu kwamfuta ba su ma san tana cikin asusunsu na Microsoft ba. Garin neman gira sai a rasa ido. Haka ma sabunta BIOS: in babu makawa, sai batir ya cika kuma caja na jone da wutar da ka amince da ita, domin in ta ɗauke a tsakiyar aikin, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

5. Lokacin da sauti ke yi amma haske ya ƙi

Wannan kusan kullum bayan fomatin yake zuwa. Wasu maɓallan Windows ya san su da kansa, wasu kuwa sai da manhajar kamfanin: HP Hotkey Support ko HP System Event Utility, Lenovo Vantage ko Lenovo Hotkeys, ATK Package a tsofaffin ASUS da System Control Interface a sababbi, Quick Access a Acer. Juya kwamfutar ka karanta lambar samfurinta, ka ɗauko daga shafin kamfanin. Tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash ba na ba da shawararsu, suna cusa abin da ba a nema ba.

Maɓallin haske yana da wani sirrin. Buɗe Device Manager ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, direban hoto ne ba a sa ba, kuma hasken ba zai motsa ba ko da kibod nawa ka canja. Sa direban Intel ko AMD da ya dace, ka sake kunnawa.

6. Makullan da ake dannawa ba a sani ba

Lambobi a madadin haruffa. A ƙananan laftof marasa gidan lambobi a dama, an ɓoye lambobin cikin haruffa: J, K, L su ne 1, 2, 3, U, I, O su ne 4, 5, 6, M shi ne 0. In Num Lock ya kama, mai rubuta "kuli" zai ga "2435". Ganin wannan kaɗai ya isa ka gane. Danna Fn da NumLk, a Acer da dama Fn da F11. In babu maɓallin, buɗe kibod na kan allo, shiga Options, kunna gidan lambobi, ka kashe NumLock daga nan.

Kibiyoyi na jan shafi a Excel maimakon su matsa gida zuwa gida: Scroll Lock ne, za ka ga an rubuta shi a ƙasan tagar. Kashe ScrLk a kibod na kan allo. Rubutu na cinye harafin da ke gabansa: Insert aka danna. Tacfad ya mutu ko waya-fai ya ɓace farat ɗaya: duba layin sama, akwai maɓallin kowanne.

Sai guda biyun da suka fi sa a jefar da lafiyayyen kibod. In aka danna Shift sau biyar a jere, abin da yara masu gem ke yi kullum, Sticky Keys na kamawa, sai Shift da Ctrl su riƙa zama a danne bayan an sake su. In aka riƙe Shift na dama daƙiƙa takwas, Filter Keys ne ke kamawa. Shi wannan an yi shi ne don masu rawar hannu, yana yin watsi da dannawa mai sauri da wadda aka maimaita. Ga mai saurin rubutu, kibod ɗin zai zama kamar ya mutu, sai ya danne harafi na ɗan lokaci kafin ya fito. Shiga Settings, Accessibility a Windows 11 ko Ease of Access a Windows 10, sannan Keyboard. Kashe su, ka kuma kashe gajeriyar hanyar da ke kunna su, in ba haka ba gobe za su dawo.

7. Harafi daban a jiki, daban a allo

Yawancin laftof ɗin da ke kasuwanninmu na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban, kowacce da tsarin ƙasarta. Windows ba ya ganin abin da aka zana a kan maɓalli, tsarin da aka zaɓar masa yake bi. A na Amurka @ tana kan Shift da 2. A na Ingila alamar zance ce a wurin, @ ta koma kusa da Enter, kuma Shift da 3 na ba da £. A na Jamus Y da Z sun yi musaya. A na Faransa da Beljiyam, wato AZERTY wanda aka saba da shi a Nijar, A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ya hau kusa da L, kuma lambobin sama sai da Shift.

Danna Windows da Space ka ga jerin tsarin da ke ciki. Zaɓi wanda ya dace da zanen jikin kwamfutar, ko wanda hannun mai ita ya saba da shi, sannan ka shiga saitin harshe ka cire sauran, domin Alt da Shift tare suna juya tsarin ba tare da mutum ya lura ba. Wannan har kalmar sirri yana shafa. Mutum zai rantse daidai yake sa wa, kwamfuta na ƙi, alhali tsarin ne ya juya. A shafin shiga, a kusurwar ƙasa ta dama, akwai wurin sauya shi.

Akwai tsari guda da ke cutar mai rubuta Hausa musamman, shi ne United States-International. A cikinsa alamar hamza (') ba ta fitowa nan take, tana jiran harafi na gaba ta hau kansa. Ka rubuta "sa'a" ka ga "saá", ka rubuta "'ya'ya" ka ga "ýaýa". Mai buga takardu zai ce maɓallin ya lalace, tunda ya danna babu abin da ya fito. Mayar da shi US zalla, an gama.

Tunda muna nan, ka taimaki mai rubutun Hausa da haruffa masu lanƙwasa. Windows yana da tsarin kibod na Hausa cikin saitin harshe. Ka ƙara shi, ka buɗe kibod na kan allo, ka danna Alt na dama ka ga inda suke. A Word kuma akwai wata hanyar: rubuta 0253 ka danna Alt da X, ɓ zai fito, 0257 na ɗ, 0199 na ƙ, 01B4 na ƴ. Manyansu 0181, 018A, 0198 da 01B3. In lambar ta manne da harafi kamar a ko b ko d, sai ka zaɓe ta ita kaɗai kafin ka danna, in ba haka ba Word zai haɗa da harafin ya ba ka wani abu daban. Rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa" don kibod ya gagara abu ne da ya kamata a ce mun wuce.

8. Sauke wuta da sabunta direba

In kibod ya ɗauke gaba ɗaya, ko Fn ya daina amsawa ba gaira ba dalili, wani lokacin cif ɗin EC ne ya rikice. Ka sani Shut down na Windows 10 da 11 ba cikakken kashewa ba ne muddin Fast Startup na kunne, don haka fara da Restart. In bai yi ba, kashe ta, zare caja da duk abin da ke jone, cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30. ThinkPad da yawa masu batir a ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa allura a danna. Bayan nan, a Device Manager ƙarƙashin Keyboards, ka cire Standard PS/2 Keyboard ka sake kunnawa, Windows zai mayar da shi da kansa. Ga marar waya, sauya batir, ka matso da ɗan filoginsa kusa, ka ɗauke shi daga gefen ramin USB 3.0 da ke aiki, domin yana iya dagula masa sigina.

9. Ƙura da abin da ya zube

Ƙurar hunturu, ɓarɓashin biskit da gyaɗa, gashi, har tururuwa in an taɓa zubar da zaƙi, duk suna taruwa ƙarƙashin maɓallai. Kashe kwamfutar, karkata ta, ka bi layi-layi da buroshi kana hurawa da bulowa daga gefe. Kada ka sa babbar bulowa mai ƙarfi kai tsaye, tana fizge maɓallai.

In guda ɗaya ne ke maƙalewa, ɗaga murfinsa a hankali da farce. A ƙarƙashi za ka ga wasu 'yan robobi biyu sirara da suka sarƙe kamar almakashi, da ɗan kofin roba a tsakiya. Ɗauki hotonsu kafin su rabu. Ƙugiyoyinsu ba su kai kan allura kauri ba, kuma in ɗaya ta karye ba ta gyaruwa. Goge da auduga mai ɗan danshin isopropyl, a kan audugar ake ɗigawa ba a kan kibod ba. Wajen mayarwa, daidaita murfin ka danna tsakiya har ka ji ƙas. Space da Enter da Shift suna da ƙarin ƙarfe siriri da sai an fara saƙala shi, mai koyo ya bar su sai hannunsa ya faɗa. Fetur da tina kada su zo kusa, suna cin roba suna goge rubutun maɓalli.

Abin da ya zube kuwa, minti na farko ne ke yanke hukunci. Danne maɓallin kunnawa har ta mutu, zare caja, cire batir, ka buɗe ta ka kifa a kan tawul. In batir a ciki yake, buɗe bayan ka zare filoginsa, domin ko a kashe take akwai wuta a wasu layukan bod, kuma wuta da danshi ne ke haifar da tsatsa. A bar ta aƙalla kwana biyu a inuwa mai iska. Ban da shanya a rana, ban da na'urar busar da gashi, shinkafa kuma ba ta jawo ruwan da ke ƙarƙashin cif. Ruwa zalla yakan bushe a tsira. Shayi mai madara, lemon kwalba da kunu ko sun bushe sukarin na nan, yana manne maɓallai yana cin layuka a hankali. Ka gaya wa mai ita gaskiya tun yanzu cewa kibod ɗin na iya aiki yau ya mutu bayan mako biyu.

10. Alamomin lalacewa ta gaskiya, da canji

Maɓallan kibod ba kowanne da wayarsa ba. An jera su ne a kan layuka masu gilma juna, kamar gidajen unguwa da ke kan layin wuta ɗaya: in layin ya tsinke, duk na kansa za su ɗauke tare. Don haka in wasu maɓallai huɗu ko biyar suka mutu lokaci guda, a Windows da BIOS duka, ko dai layi ya tsinke a cikin kibod, ko fleks ɗinsa, wato wayar da ke haɗa shi da bod, ya saki. In harafi ɗaya na rubuta kansa ba tsayawa, ko kwamfuta na ƙara tit-tit wajen tashi, layi biyu ne suka haɗe.

Kafin ka buɗe, dubi kwamfutar daga gefe. In tsakiyar kibod ya ɗago, ko tacfad ya turo sama ya daina dannuwa, batir ne ya kumbura. Kada ka danna shi, kada ka huda, kada ka ci gaba da caji, domin batirin lithium da ya kumbura na iya kamawa da wuta. A canja shi tukuna, sau da yawa kibod ɗin zai koma daidai.

Zare batir kafin ka taɓa fleks. Mazauninsa na da ɗan murfi siriri da ake ɗagawa da farce, a wasu kuma jawo shi ake yi kaɗan. Kada ka fizgi fleks murfin na kulle, kuma kada ka sa ƙarfe. Mazaunin a kan bod yake, in ya karye gyaran ya tashi daga na kibod ya koma na bod. Goge bakin fleks da isopropyl, mayar da shi a miƙe har ƙarshe, rufe, ka gwada.

In bai yi ba, sai canji. Lambar da ke manne a bayan tsohon kibod ita za ka kai kasuwa, sunan kwamfutar kaɗai bai isa ba. Dubi siffar Enter: na Amurka kwance yake a layi ɗaya, na Turai tsaye ya ci layi biyu, kuma a laftof da aka yanka wa kowane maɓalli raminsa a murfi, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Dubi ko mai fitila ne, shi yana da ƙaramin fleks na biyu. A tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da yawa, sukuru kaɗan ne ke riƙe da kibod, daga sama yake fita. A sirara na yanzu kuwa galibi an manne shi ne da murfin sama da ɗigon roba narkakke, sai an kwashe batir da bod kafin a kai gare shi, shi ya sa ya fi kyau a sayi murfin da kibod ɗinsa a haɗe. Ka faɗa wa mai kaya wannan da kuɗinsa kafin ka fara. Jona sabon ka gwada kowane maɓalli a Notepad, har da haɗin Fn, kafin ka ɗaure sukuru ko ɗaya.

Ba kowa ne ke da kuɗin canji a ranar ba. In maɓalli ɗaya ko biyu ne suka mutu, manhajar PowerToys ta Microsoft kyauta ce, kuma Keyboard Manager da ke cikinta na iya ɗora aikin mataccen a kan wanda ba a amfani da shi, kamar Alt na dama ko Insert. Fn ne kaɗai ba ta iya taɓawa, saboda dalilin da muka gani a mataki na 3. In kuma kibod na rubuta kansa har ya hana aiki, zare fleks ɗinsa gaba ɗaya a ci gaba da na USB. Sai dai ka duba tukuna, a wasu sababbin laftof maɓallin kunnawa cikin kibod ɗin yake, a kan fleks ɗaya, in ka zare shi kwamfutar ba za ta kunnu ba.